Gajimare ko kwamfutar nesa: me za mu kira "cloud" da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu harkar kwamfuta. Ina cikin rubuta darasi kan yadda mutum zai kafa sabar kansa, wato kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima ta hanyar sadarwa, sai na zo kan kalmar "cloud" na tsaya cak. Ita ce kalmar da ake kiran ajiya da aikin kwamfuta da ake samu ta intanet. Galibin masu fassara gajimare suke cewa, wasu girgije. Ni dai ban gamsu ba, kuma ina so mu tsayar da magana.

Asalin sunan daga zane ne. Injiniyoyi idan suna zana taswirar hanyoyin sadarwa, sukan zana ɗan gajimare a wurin da ba sa buƙatar nuna abin da ke ciki, kamar layukan kamfanin waya ko intanet. Faransawa da Larabawa duk sun fassara kalmar kai tsaye, saboda haka masu cewa gajimare ba su kaɗai ba ne. Sai dai Bahaushe in ya ji gajimare, sama yake kallo. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata, da zuciya ɗaya, ko tauraron ɗan adam ne ke riƙe da hotunansa, tunda an ce masa suna can cikin gajimare. Ban ga laifinsa ba. Kalmar ce ta ɓatar da shi.

Hotunan nan a ƙasa suke, cikin wani katafaren gini. Kwamfutoci ne jere a kan kantoci na ƙarfe, fankoki na ta ƙugi, ga na'urorin sanyaya wuri, ga janaretoci na jiran ko-ta-kwana, ga wayoyi da wasunsu suka ratsa ƙarƙashin teku. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH, mai ba da hayar kwamfutoci, a birnin Strasbourg na Faransa, wasu da ba su da kwafi a wani wuri suka rasa bayanansu. Mutumin da aka koya wa cewa kayansa na sama ba zai kawo wuta a ransa ba, balle ya tanadi kwafi na biyu. Wannan shi ne abin da ya fi damuna da kalmar gajimare.

Wani malami ya ce mu ce rumbu. Malam, rumbu ya yi daɗin ji, kuma an riga an saba da rumbun adana bayanai. Amma ajiya rabin aikin ne. Ka duba Amazon: a watan Maris na 2006 suka fitar da S3 don ajiya, a watan Agusta na shekarar suka fitar da EC2, inda kake samun kwamfuta sukutum ka gudanar da manhajarka a kai. Rumbu ba ya lissafi, ba ya gudanar da shafi.

Da farko ni kwamfutar haya na so. Duk wanda ya taɓa yi ya san haya ce: ka shiga, ka zaɓi ƙwaƙwalwa mai giga 4 da faifai mai giga 80, ka danna, kafin minti biyu an ba ka adireshi ka shiga ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa. Daga nan awo ya fara, ana ƙirga maka ta awa ko ta daƙiƙa. Na taɓa kunna wata don gwaji na manta da ita har ƙarshen wata, sai takardar biya ce ta tuna mini. Da sunanta na ɗauke da kalmar haya, da wuya in manta. Ko ma'anar "cloud" da NIST, hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, ta fitar a 2011, cikin siffofi biyar da ta lissafa akwai cewa ana auna abin da ka yi amfani da shi.

To sai wata 'yar uwa ta rushe mini gini. Ta ce: "Yaya, ni na ɗora Nextcloud a kan Raspberry Pi a gida, na jona masa faifai, hotunan wayata can suke tafiya. Wa nake biya haya?" Ta yi gaskiya. Nextcloud manhajar ajiya ce da mutum ke ɗora wa kansa, Raspberry Pi kuma 'yar ƙaramar kwamfuta ce. Haka ma ma'aikatar da ta gina nata don ma'aikatanta kaɗai, ba haya take ba.

Da na sake zama, sai na ga abin da ya haɗa su duka: aikin ba a na'urar da ke hannunka yake gudana ba, a wata ce da kake isa gare ta ta hanyar sadarwa. Shi ya sa nake ganin mu ce kwamfutar nesa, jam'i kwamfutocin nesa. Ajiya kuma ajiyar nesa. Kalmar tana karɓar ƙari ba tare da an takura ta ba: ta haya ita ce ta manyan kamfanoni, ta ƙashin kai ita ce irin ta 'yar uwarmu, in an haɗa biyun a ce gauraye.

Na gwada ta a baki, don kalmar da ba ta shiga jimla ba ta daɗewa. "Ka ɗora kwafin a ajiyar nesa?" "Kashe kwamfutar nesan nan kafin ka tashi, ta haya ce." "Mun kwashe sabarmu mun mayar nesa." Duk sun zauna, kuma wanda bai taɓa jin darasin ba zai gane inda aka dosa.

Akwai inda ta gaza, ba zan ɓoye ba. Nesa ba ta nuna miƙewa da takurewa, wato yadda in baƙi sun yi wa shafinka yawa ake ƙara maka kwamfutoci nan take, in sun watse a janye su. Gajimare ma bai nuna hakan sosai ba, dole sai an yi bayani. A darasin zan rubuta kwamfutar nesa, in ware wa wannan siffa sakin layi guda. Wanda ke da kalma ɗaya da ta ɗauki nisan da miƙewar tare, don Allah ya kawo ta kafin in kammala babi na biyu.