Ɗana da ke Amurka ya shiga wata ƙungiya a jami'a, na rasa inda zan sa kaina

Maman Ishaku: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya hana ni barci.

Ɗana na fari yana karatun injiniya a wata jami'a a jihar Texas. Waɗanda suka san mu sun san yadda yaron nan ya tafi. Rabin kuɗi makarantar ta ɗauke masa, sauran kuwa filin da marigayi babana ya bar mini a bayan Bukuru na sayar, har yau ƙannena ba su daina yi mini gori ba. Ga wahalar biza a Abuja, ga kuɗin jirgi da matan zumunta suka tara mana. Yaro ne da ya tashi a coci, shi ke kaɗa jita ranar Lahadi, ya yi shugaban FCS, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci, a sakandare. Shekararsa ta farko kullum ya kira sai kuka, ba aboki, abinci bai karɓe shi ba.

To bana sai ya ce ya samu 'yan'uwa. Ya turo hoto, samari reras kowa da riga mai haruffan Girkanci uku a ƙirji. Ya ce ƙungiyar 'yan'uwantaka ce ta Kiristoci, suna nazarin Littafi Mai Tsarki kowane mako, ba giya a tarukansu. Amma wai akwai makonnin gwaji kafin a karɓi mutum, akwai kuma bikin karɓa da ba a ba wa bare labarinsa. Har ni uwarsa. Kuma ana biyan dala 300 kowane zango. Don Allah me zan yi?

Baba Dauda: 'Yata, ba sai an yi dogon turanci ba. Ƙungiyar asiri ce. Ki kira shi yau ki ce ya fita. Mu da muka ga jiya mun san yadda abin nan yake farawa. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a jami'ar Ibadan, da kyakkyawar niyya, wai don yaƙi da girman kai da ƙabilanci. Daga baya wasu suka ɓalle, wasu suka kwaikwaya, ina aka kwana? Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar Ile-Ife suka kashe yara biyar. Ubangijinmu da kansa ya ce bai faɗi kome a ɓoye ba, ki duba Yohanna 18:20. Abin da ba a iya faɗa wa uwa, ba na Allah ba ne.

Anti Saratu (Houston): Baba, da girmamawa, ba ɗaya ba ne. Ina nan Texas da yarana. Irin waɗannan ƙungiyoyi masu haruffan Girkanci sun daɗe a nan, ta farko Phi Beta Kappa tun 1776 take. Martin Luther King ɗan Alpha Phi Alpha ne, Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce. Na Kiristoci zalla ma ba yau suka fara ba: Alpha Delta Chi ta mata a 1925, Alpha Gamma Omega ta maza a 1927, duka a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. A nan Texas akwai Beta Upsilon Chi da aka kafa a Austin a 1985, ayarsu Zabura 133:1 ce, da Sigma Phi Lambda ta 'yan mata a 1988. Yara ne da suke son zumunci ba tare da buguwa ba. Musulmi ma sun kafa tasu, Alpha Lambda Mu, a Dallas a 2013.

Ba na cewa ba hatsari. A ƙungiyoyin gama-gari an sha cin zalin sabbin shiga, ana ɗirka musu giya har wasu sun mutu, shi ya sa a Disamba 2024 shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Maman Ishaku, mene ne sunan ƙungiyar? Wace makaranta? In tana da rajista za ki gan ta a shafin jami'ar, har da malamin da ke sa musu ido.

Baba Dauda: Rajista? Masu sata ma suna da katin shaida. Matiyu 5:34 ta ce kada a rantse ko kaɗan. Ki tambaye shi ko an rantsar da shi, za ki ji ya yi shiru.

Maman Rifkatu: Ke dai ki gode wa Allah naki yana kiranki yana faɗa miki. Tawa tana Ingila, tun da ta shiga wata coci ta 'yan zamani sai in yi ta kira ba ta ɗauka. Fasto ɗinsu ya zama uwa ya zama uba. Na haife ta, na sayar da shanuna biyu, yanzu sai ranar Kirsimeti nake jin muryarta. Ranar bikin ƙanwarta ko sisi ba ta aiko ba, amma zakka ba ta fashi.

Yaya Luka: Ni kuɗin ne ya tsaya mini. Dala 300, ki buga a naira ki gani. Mutum ya biya kuɗi don ya yi addu'a da abokai? A NIFES, zumuntar ɗalibai Kiristoci ta jami'o'in Najeriya, muka yi shekara huɗu, baiko kawai muke sakawa. Ai jami'o'in can akwai irin wannan zumunta kamar InterVarsity da Cru, kyauta suke.

Anti Saratu (Houston): Kuɗin na sansanin addu'a ne da abinci da inshora da abin da suke aika wa uwar ƙungiya. Amma gaskiyar Luka ce, akwai na kyauta.

Maman Ishaku: Na gode muku duka. Anti Saratu, sunan ya shige mini, haruffan ba sa karantuwa, kuma ba na son in sa sunan makarantarsa a nan saboda mutanen gidanmu suna cikin zauren nan. Baba, ni na san ɗana, ba zai taɓa shiga asiri ba. Ku ba ku ji muryarsa bara ba. Yanzu har dariya yake yi, ya yi ƙiba. Kuɗin kuma na riga na tura tun makon jiya, daga adashena ne, ban roƙi kowa ba.

Baba Dauda: Au, kin ma tura? To shawarar me kike nema? Babansa ya sani?

Maman Ishaku: Babansa yana da hawan jini, Baba. Ba kowace magana ake kai masa ba.

Baba Dauda: Ka ji. Ɗa yana ɓoye wa uwa, uwa tana ɓoye wa uba. Asirin ai har ya shigo gida.

Fasto Yohanna: Baba, a sassauta mata. Mama, ni tambayata ɗaya ce: yana zuwa coci ranar Lahadi? Akwai dattawa da suka san shi, da yake cin jibin Ubangiji tare da su? Samari sa'o'in juna ba sa iya zama ikkilisiya, ba mai tsawata wa wani. In yana da coci, ki bar shi ya gama zangon ki ga sakamakon jarrabawarsa. Kada ki ce ya fita da ƙarfi, yaron da ke nesa in ka matsa masa sai ya daina faɗa maka gaskiya.

Baba Dauda: Fasto, irin wannan lallashin ne ya lalata mana yara. Nawa uku na yi musu tsawa, ga su nan duk sun zama mutane.

Maman Rifkatu: Ni ma lallashin na yi ta yi, ga inda ya kai ni.

Maman Ishaku: Fasto, maganar coci ya ce tana da nisa kuma ba shi da mota, amma suna sujada a ƙungiyar ranar Litinin da dare, ai duk wurin Allah ɗaya ne. Kuma ba zan iya ce masa ya fita ba bayan na biya, kuɗin ba a mayarwa. Abin da nake so ku gaya mini shi ne yadda zan sa ya faɗa mini abin da ake yi a bikin nan ba tare da ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Anti Saratu (Houston): Ki turo mini hoton ta akwatin saƙo, zan karanta haruffan in duba miki.

Maman Ishaku: To Anti, bari in fara tambayarsa ko zai yarda in tura hotonsa.

Yaya Luka: Anti Saratu, tunda kina nan, nawa ake biyan kuɗin makarantar koyon jinya a Houston? Ƙanwar matata ce take so.