Wa ya taɓa rubuta fst3 da hannunsa?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na fara koyon Haskell, yaren rubuta manhaja. Jiya na haɗa ƙunshi (tuple) mai abu uku, suna da gari da shekaru, na sa masa fst don in ciro sunan, GHC, manhajar da ke haɗa lambar Haskell, ya ce sam. Ashe fst da snd, masu ciro abu na farko da na biyu, ƙunshi mai abu biyu kaɗai suka sani. Na leƙa Data.Tuple, na ga curry, uncurry da swap, na mai uku ko alamarsa babu. Ni kaɗai abin ya taɓa cizo?

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Layin nan, fst3 (a,_,_) = a, mai ciro na farko daga ƙunshi mai uku, na rubuta shi ya fi a ƙirga. Kowane aiki nawa yana da Utils.hs, fayil ɗin da nake tara ƙananan kayan aiki, kuma in ka buɗe shi za ka fara gani. Daga baya na gano laburaren extra na Neil Mitchell, a Data.Tuple.Extra akwai fst3, snd3, thd3, both da dupe. Sai dai jawo laburare guda saboda layi ɗaya, ni dai yana mini nauyi.

Malamar aji: Ni matsalata ta sha bamban. Wani ɗalibina ya shigo da Control.Arrow da Data.Bifunctor a fayil ɗaya, ya kira first, GHC ya ce bai san wanne yake nufi ba, don kowannensu yana da nasa first. Rabin awa muka kashe a kai. Bifunctor ya shigo base, laburaren da ke zuwa tare da GHC, a 2015 tare da GHC 7.10, ya tarar da first na Control.Arrow a gida. Tun ranar na daina ganin laifin kwamitin da ke kula da base in suka ja ƙafa. A sa fst3 a Data.Tuple yau, duk mai nasa a Utils da ya shigo da su biyun zai iya wayar gari aikinsa ya ƙi haɗuwa. Kai, ku gwada length (1,2) ma. Amsar 1 ce, ba 2 ba, har gobe ɗalibaina ba su yafe ba.

Mai Elm: Mu a yaren Elm 0.19 ƙunshi ba ya wuce abu uku. Akwai Tuple.first, Tuple.second, mapFirst, mapBoth, duk na mai biyu. Da farko haushi na ji, yanzu na saba.

Tsohon hannu: Gaskiyarsu. Na taɓa riƙe (String, String, Int), na juya suna da gari a wuri ɗaya, GHC bai ce uffan ba tunda dukansu String ne. Sai da rahoto ya fita da gari a layin suna. Da rekod na yi amfani, inda kowane abu ke da sunansa, da na gani tun wuri.

Sabon shiga: Na gode Yaya, na gode Malama. Nawa ma (String, String, Int) ne. Bari in je in mayar da shi rekod.