Wa ya taɓa barin itatuwa su tofo a makiyaya saboda kuɗin kabon?

Ɗan ƙasar Gumel: Assalamu alaikum. Wasu baƙi sun zo garinmu, suka ce in muka killace wani ɓangare na makiyaya itatuwa suka dawo, za a riƙa biyanmu. Wai kowane tan ɗaya na iskar kabon da itace ya zuƙe ya riƙe, shi ake sayar wa kamfanonin waje. Mai unguwa ya ce kada a sa hannu sai mun ji daga waɗanda suka taɓa gani.

Manomi daga Babura: Wa'alaikumus salam. Malam, aikin kansa gaskiya ne. A wajen dangina na Maraɗi na koya, can suna ce masa sassabin zamani, tun wajen 1983 suke yi. Ba dashe ba ne. Kututturen kalgo ko sabara da kake sarewa kowace bazara, saiwarsa na nan da rai. Ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage sauran da wuƙa mai kaifi, ka dinga yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Itatuwana cikin shekara uku suka wuce tsayina. Kuɗin kabon dai ban taɓa riƙe ko sisi ba.

Makiyayi, Maigatari: Baba, ni abin da ke damuna shingen ne. An taɓa killace mana wani fili ba a tambaye mu ba, waya ta tare burtali, shanu suka rasa hanyar ruwa, rigima ta tashi da masu gonaki. Mu ma muna son gawo, da rani 'ya'yansa ke riƙe mana dabbobi. A raba filin, bana a hutar da gabas, baɗi yamma, a kuma zauna da Arɗo tun farko.

Uwar gida daga Makoɗa: Ku tambaya mana, rassan da aka rage na wa ne? Da su muke girki.

Malamin gona, Kazaure: Alhaji, ku nemi a karanta muku takardar da Hausa gaban jama'a. Irin wannan yarjejeniya kan kai shekara 20 ko 30, kuma ba a biya sai masu tantancewa sun zo sun auna kaurin itatuwan. Kashi nawa ne naku? In fari ko gobara ta cinye, wa zai ɗauki asara? Kuma makiyaya ba ta mutum ɗaya ba ce, dole ƙaramar hukuma da hakimi su sani.

Ɗan ƙasar Gumel: Na gode ƙwarai. Ranar Alhamis zan shigo kasuwar Maigatari, ɗan'uwa makiyayi, ina so ka kai ni in ga inda wayar ta tare burtalin.