'Yar yayana tana jinyar masu korona a Amurka, takardarta kuma ta kusa ƙarewa

Baffa daga Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san dokar zama a Amurka ya warware min wani ƙulli, don ni ɗan Kantin Kwari ne, atamfa da shadda na sani.

Yayana ya tafi da iyalinsa a 2001 da bizar ziyara, biza ta ƙare suka yi zamansu. 'Yarsa tana da shekara shida a lokacin. Yanzu shekararta 25, nas ce a wani asibiti a New York, kuma tun watan Maris aka mayar da ita ɗakin masu korona. A watan Afrilu, sa'ad da aka kulle mu a gida dattawan Kano suna ta rasuwa, ita ce mai kirana da asuba bayan ta tashi daga aiki, ga shatin takunkumi kwance a fuskarta. Da Hausarta mai ɗingishi take cewa, "Baffa, don Allah kar ku bar Hajiya ta je gaisuwar mutuwa."

Takardar da take aiki da ita sunanta DACA, a Nuwamba za ta ƙare. Ranar Alhamis, 18 ga Yuni 2020, muka ji a rediyo Kotun Ƙolin Amurka ta hana Trump soke shirin. Hajiya tana ji ta fara shirin tarbar jika da Babbar Sallah, shekara 19 ke nan rabonta da ita. To yarinyar nan ta tsira ke nan? Za ta iya zuwa ta koma?

Malamin jami'a, Kabuga:
Wa alaikumus salam. Alhaji, a lallashi Hajiya tukuna. DACA ba takardar zama ba ce. Obama ne ya kawo ta a 2012 saboda waɗanda aka shiga da su ƙasar ba su kai shekara 16 ba. Ɗaga ƙafa ce kawai: a jinkirta korar mutum, a ba shi izinin aiki na shekara biyu, in ya ƙare ya biya kuɗi (dala 495 a 2020) ya sabunta. Ba ta kai mutum ga zama ɗan ƙasa.

Hukuncin 18 ga Yuni kuwa, alƙalai biyar ne suka rinjayi huɗu, kuma ba cewa suka yi gwamnati ba ta da ikon sokewa ba. Cewa suka yi ba ta bi ƙa'ida ba da ta tashi soke shirin a 2017, ba ta kawo gamsasshen dalili ba. Gwamnatin tana iya gyara takardunta ta sake gwadawa. Shawarata, 'yar yayanka ta miƙa takardar sabuntawa yanzu, kar ta jira Nuwamba. Maganar zuwa Kano a ajiye ta. A 2017 aka daina ba su izinin fita, har zuwa Yunin 2020 ba a dawo da shi ba, in ta fita haka nan ta rasa DACA, ƙofa ta rufe a bayanta. Balle ma a Yunin 2020 ko jiragen waje ba su fara sauka a Najeriya ba.

Nas mai ritaya, Tarauni:
Abin da ke ci min rai, a 2020 su kusan 27,000 ne masu irin wannan takarda da ke aikin lafiya a can, har lauyoyi suka sanar da kotun haka a tsakiyar annoba. Shekara 35 na yi ina dutin dare. Na san yadda mutum yake tsayuwa a kan marar lafiyar da numfashi ke gagara, hankalinsa bai isa ya rabu biyu ba. Ita kuma da fargabar kora take yi. Ingila ma ta ƙara wa likitoci da nas-nas baƙi shekara guda a bizarsu kyauta.

Ɗan Kurna:
Baffa, ni ba lauya ba ne, amma mu a unguwarmu mun ga irin wannan. Yaran da aka haifa a Makka da Jidda, aka kama su aka sauke a filin jirgin Malam Aminu, Larabci a bakinsu, ko kwatancen gidan kakansu ba su iya ba. Mu muna ce musu barka da dawowa gida, su kuwa gidan ne aka raba su da shi. Wadda ta bar Kano tana shekara shida ita ma haka za ta ji.

Baffa daga Gwammaja:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na tura mata maganar sabuntawa, ta ce lauyarsu ma abin da ta faɗa ke nan. Saura Hajiya. Kilishin da ta sa na yi oda na nan a ɗakinta, ban san ta inda zan fara mata bayani ba.