Shawarwari kan gyara muhawarar siyasa a Kano

A wata tattaunawa da malamai, 'yan jarida da matasa suka yi a birnin Kano, an yi ittifaƙi cewa muhawarar abokan hamayya ta koma zage-zage da habaici, musamman a shirye-shiryen sojojin baka na rediyo, inda ake barin batun ruwan sha da makarantu a kama asalin mutum da iyalinsa. Shawarar da ta fi ƙarfi, wadda ni ma nake goyon baya, ita ce mai gabatarwa ya katse duk wanda ya kawo zargi babu hujja, ko da shi ya biya kuɗin filin. An kuma nemi 'yan takara su zauna gaba da gaba kafin zaɓe, su kare manufofinsu, iyayen gidan siyasa kuma su daina saka wa masu zagi da kyauta.