Wayar girken marigayi Baba: in buɗe ta da kaina ko in sayi gyararriya?

Abu Hanifa, Jidda
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Lokacin da muka tashi daga unguwar Sabil ta Jidda a rusau ɗin 2022, cikin kayan da muka tattara a gurguje har da tsohuwar wayar girken marigayi Baba, irin wadda ake zura yatsa a juya faifan lamba. Ruwan toka ce, jikinta roba mai kauri, a ƙarƙashinta an rubuta LM Ericsson. Tun daga ranar tana kwali. Satin da ya wuce Inna ta ci karo da ita, ta ɗaga kan ta riƙe a kunne ta yi shiru, can ta ce tana so ta sake jin ƙararrawar nan a cikin gida.

Ga halin da take ciki. Faifan yana juyawa amma da ƙyar yake komawa. Igiyar kan ta tsattsage. Na jona ta a bayan modem, don gidan da muke yanzu faiba ce, babu tsohon layi. Ana jin ƙugin layi, amma in an kira ba ta ƙara, in na juya lamba kuma ba ta shiga. Wani mai gyara ya ce riyal 300, in bar masa ita sati biyu. Wani a intanet yana da irinta sak, gyararriya, a 650. Ni kuma ban taɓa liƙe waya da dalma ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Ɗan Kasuwa, Riyad
Wa alaikumus salam. 650? Wallahi fashi ne da rana tsaka. Ka zo kasuwar Suk Zal nan kusa da tsohuwar fadar Masmak bayan la'asar, ka ga wayoyi jibge har da masu gindin katako. Na sayi biyu a 150 kowacce. Ka zubar da tsohuwar ka huta.

Abu Hanifa, Jidda
Alhaji, ta mahaifina ce fa. Zubarwa ba ta taso ba.

Sale Direba, Ɗa'if
Brasso, maganin goge ƙarfe, za ka nema da tsumma mai laushi. Haka na yi wa tawa baƙa, yanzu kana ganin fuskarka a jiki. Bakalait, wato baƙar robar tsofaffin wayoyin nan, ba ya son ruwan zafi, ka kiyaye.

Maman Sudais, Jidda
Malam Sale, ya ce ruwan toka ce ta roba, kuma ba ƙyalli ya tambaya ba. A riƙa karantawa mana kafin a amsa.

Hajiya Ummu Salma, Makka
Ɗana Abu Hanifa, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ina roƙon ka, kar wayar nan ta kwana a hannun kowa. Ni ga abin da ya same ni.

Ta maigidana ce, Allah ya yi masa rahama, baƙa wuluk, mai nauyin da sai ka sa hannu biyu. Shekara fiye da talatin tana kan ɗan tebur a bakin ƙofar falo. Duk lokacin aikin Hajji, alhazan garinmu a kanta suke layi su gaida gida, shi kuma yana zaune da agogo a hannu. A tsakiyar faifan akwai 'yar zagayayyar takarda, da hannunsa ya rubuta lambarmu da shuɗin biro, tun ana fara lambar Makka da 02, kafin a mayar da ita 012 a 2013. Bakwai ɗinsa yana da wata ƙugiya da ko a cikin dubu zan gane.

Bayan rasuwarsa na ba wa wani mai gyara, aka ce min gwani ne. Ya karɓi 200 kafin alƙalami. Sati biyu ya zama wata huɗu. Yau kaya ba su iso ba, gobe ya tafi Jidda, jibi yaronsa ba shi da lafiya. Ranar da aka kawo ta, tana ƙyalli kamar amarya, amma ina ɗagawa na ji gabana ya faɗi. Babu nauyi. Aka kira, sai na ji tana wani tsit-tsit kamar ɗan tsako. Jikana ya kwance ƙasan, ashe ya ciccire ƙararrawa biyun nan na tagulla da duk kayan ciki, ya manna wani ɗan koren allo da gam. Takardar kuwa ya jefar, ya sa sabuwa fara fes. Da na aika a tambaye shi sai ya ce ai ta yi datti. Datti! Rubutun mijina.

Kuɗin ba su dame ni ba ko kaɗan. Na yi kuka a kan takardar nan fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Maman Sudais, Jidda
Inna lillahi. Hajiya, Allah ya saka miki. Ba ki kai ƙara ba?

Hajiya Ummu Salma, Makka
Da wace shaida, 'yata? Ba rasit, ba hoto. Da muka koma bayan Ramadan, shagon ya zama na sayar da murfin jawwal, wato wayar hannu.

Sale Direba, Ɗa'if
Ƙararrawar ita ce kuɗin. Sukan cire su sa wa wata, su sayar a matsayin ta asali. Irin su ne ke sayar da gyararrun.

Injiniya Bashir, Dammam
Allah ya ƙara haƙuri, Hajiya. Yaya Abu Hanifa, bari in koma kan tambayarka, don babu wanda ya kula da maganar faiba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Faifan nan ba sauti yake aikawa ba, layin yake katsewa yana haɗawa. Ka juya 5, ya katse sau biyar. Ka juya 0, sau goma. Gudun kuma sai ya zama wajen katsewa goma a daƙiƙa guda, tsohuwar cibiyar waya tana ƙirgawa. Modem ɗin faiba da yawa sauti kawai suke ganewa, irin na waya mai dannawa. Saboda haka ko ta 650 ɗin ka saya, tana iya yi maka wannan shirun, sai an sa ɗan akwatin da ke mayar da katsewar ta zama sauti, ko irin XLink da ke haɗa tsohuwar waya da jawwal ta Bluetooth. Ka tambayi mai sayarwar ko ya gwada ta a kan faiba. In ya fara kame-kame, ka san amsa.

Ƙararrawa kuma wuta take so mai ƙarfi, wajen volt 75 zuwa 90 mai kaiwa da komowa. Wani modem ɗin ba ya iya kaɗa ta, amma sau da yawa waya ɗaya ce ta kwance a ciki, ko iskar Jidda mai gishiri ta sa 'yar gudumar ta yi tsatsa. Dalma ba lallai ba ce: igiyoyin irin waɗannan galibi da sukurori aka ɗaure su. Cire ta daga layi, kwance murfin, ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, kuma hoto bayan kowane sukuru. Faifan tsohon mai ne ya daskare. A goge, a ɗiga man agogo kaɗan a ƙusoshin haƙoran, amma kar ko ɗigo ya shiga ɗan birkin da ke daidaita gudu. Ka juya 0 ka saki, ya koma cikin daƙiƙa ɗaya da 'yar ɗoriya.

Abu guda ga mai sayen Ericsson daga waje: wadda aka yi don cikin Suwidin, 0 ne a farko kafin 1. A can 0 katsewa ɗaya ce, 9 kuma goma. Ka jona ta nan, duk lambar da ka juya wata daban za ta tafi.

Ɗan Kasuwa, Riyad
Duk wannan karatun don waya ta 150? WD-40, man feshin nan na tsatsa, za ka fesa mata, minti biyu an gama.

Injiniya Bashir, Dammam
Don Allah kar ka fesa. Yana shiga birkin, faifan ya riƙa gudu fiye da ƙima, bayan 'yan watanni ƙura ta kama ya koma danƙo.

Baba Ilu, Madina
Jikana ne yake rubuta min. Ni da hannuna na ja kebul a ramuka lokacin da Ericsson da Philips suka karɓi aikin faɗaɗa waya a ƙasar nan a 1978, daga baya na bi masu sa waya gida gida shekara tara. Yaron nan injiniya ya faɗi wasu daidai, amma ya manta babba. Murɗe murfin wajen magana. Za ka ga wani abu kamar marfin kwalba, garin gawayi ne a ciki. In ya daɗe a ajiye yakan dunƙule, a riƙa jin ka kamar daga rijiya. Ka ƙwanƙwasa shi a hankali a kan tebur sau uku, ka mayar. Mai kuwa, na keken ɗinki muke sawa da tsinken ashana, ba mu san wani man agogo ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Injiniya Bashir, Dammam
Ranka ya daɗe Baba, na karɓi maganar gawayin. Amma zamaninku layin tagulla ne, shi kuma faiba gare shi. Ko ya ƙwanƙwasa har asuba lamba ba za ta shiga ba.

Baba Ilu, Madina
Kai waya nawa irin wannan ka taɓa buɗewa?

Injiniya Bashir, Dammam
Uku, Baba.

Baba Ilu, Madina
To ni na daina ƙirgawa tun ba a haife ka ba.

Ɗan Kasuwa, Riyad
Ni da nake saye da sayarwa ba wanda ya tambaye ni. Mai ja kebul daban, mai karatu daban, amma farashi a bakin ɗan kasuwa yake.

Maman Sudais, Jidda
Alhaji, waccan ta 150 mai gindin katako, duba da kyau. Ƙanena ya sayo irinta, tagulla tana walƙiya, ashe sabon ƙira ce aka shafa mata tsufa. Faifan ma na ado ne, maɓallai ne aka jera a zagaye. Ta gaske ni 900 aka yi min kuɗinta a Balad, tsohon garin Jidda, na ajiye na fita.

Sale Direba, Ɗa'if
900 kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne. A Haraj Sawarik, kasuwar gwanjon Jidda, na sayi tawa 40, shekarun baya, cikin tarkacen rediyo.

Nura Mai Shayi, Jidda
Yaya Abu Hanifa, in ta gyaru kar ka kira ni da ita. Lambata sifili huɗu ne a ciki, kafin faifan ya gama dawowa shayin ya huce. Kuma in na'ura ta ce maka danna 1 don Larabci, sai ka gaya mata ta jira kana juyawa.

Ustaz Adam, Riyad
A yi hattara da raha, akwai masu ciwo a nan. Mu tamu irin ta Ingila ce, tana gidanmu na Omdurman. Mun fito a 2023 da kayan jikinmu kawai. Abu Hanifa, taka tana hannunka, ka gode wa Allah, ka yi mata a hankali.

Hajiya Ummu Salma, Makka
Ban ma ƙarasa muku ba. Ƙwaryar da ta rage na ce bari in aika wa 'yata a Kano, ko ba komai ta ga abin mahaifinta. Na naɗe ta da bargo biyu, na rubuta a jikin kwalin da Larabci da boko cewa abin fashewa ne, na biya mai kargo. Wata biyu da rabi kafin ta isa. Aka buɗe, kan ya rabe biyu, gindin ya tsage, kwalin kuma yana warin man zaitun na wani.

Sale Direba, Ɗa'if
Masu kargo ai sai Allah. Sikelinsu ma ba gaskiya. Na auna jaka a gida kilo 28, a wajensu ta zama 33.

Maman Sudais, Jidda
Ni dabino ajwa na aika katan uku, biyu suka isa, na ukun wai kwastan. Kuma an karɓi kuɗin fito a nan, an sake karɓa a can wajen ƙanwata.

Ɗan Kasuwa, Riyad
Ku ne kuke bin masu araha. Nawa 18 yake karɓa a kilo, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Maman Sudais, Jidda
18? Jirgin sama ko na ruwa? Mu nan 12 ne.

Abu Hanifa, Jidda
Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya, saboda maganarki na fara zare 'yar takardar tsakiya na sa a cikin Alƙur'anin Inna, rubutun Baba ne a jiki. Na kwance murfin, na ɗauki hoto. Ƙararrawa biyun suna nan, amma akwai wata jar waya da ke lilo ba ta ɗaure ko'ina ba, ga sukurori biyu babu komai a kansu. Injiniya, Baba Ilu, a wanne zan ɗaura ta?

Nura Mai Shayi, Jidda
12 ɗin nan na wane ofishi ne, Maman Sudais? Ina da buhun kayan sallah tun Sha'aban.

Sale Direba, Ɗa'if
Kar ka kuskura sai ka ga sun auna a gabanka, kuma ka tafi da sikelinka.