Wasa kawai suke yi a nazare, in cire shi?

Maman Hanif:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Yarona shekara 3 da wata 7, zango biyu kenan da sa shi a nazare, kullum ya dawo yunifom duk ƙasa, aljihu cike da murafen kwalba, na tambayi antinsu ta ce wai ta hanyar wasa suke koyo. To ɗan maƙwabciyata sa'ansa ne amma yana rubuta 1 zuwa 50 har aikin gida ake ba shi, nawa ko riƙe fensir bai iya ba. Babansa har ya fara cewa asarar kuɗi muke.

Anti Zee:
Maman Hanif kwantar da hankalinki wlh. Ni ma ƙananan aji nake koyarwa. Yatsun ɗan shekara 3 ba su yi ƙwarin da za a ɗora musu rubutu ba, kwaɓa laka, zira igiya a murfi, yaga takarda, su ne ke ƙarfafa hannun kafin fensir. Ki gwada ɗan maƙwabciyar taki, ki zuba wake a faranti ki ce ya ɗebo miki guda bakwai, da yawansu sai su tsaya kallonki, hadda ce kawai suka yi. Murafen nan kuma kar ki zubar, da su ake koya musu ware launi da ƙirge. Ba sabon abu ba ne, Maria Montessori, wata masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, tun 1907 ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a kan irin wannan, kuma a Finland sai yaro ya shekara 7 yake shiga firamare.

Abu Sadiq:
Anti ni fa ban gamsu duka ba. Akwai makarantun da suke fakewa da kalmar wasa, a tara yara arba'in a ɗaki ɗaya a kunna musu katun malama na danna waya. Hajiya ki je ba tare da sanarwa ba ki gani da idonki, in malamar na zaune a ƙasa tare da su tana musu magana to, in ba haka ba ki nemi wata.

Hajiya Goggo:
Oh ni, yaran zamani! Mu da tuwon ƙasa da carafke muka tashi, a carafke ai ƙirge ake yi ba a sani ba, maza kuma su ƙera motar kara. Da dare kaka ta yi mana gatanan gatananku. 'Yata ki riƙa yi masa tatsuniya da kacici-kacici, ki sa shi ya ƙirga miki tumatir in za ki yi miya.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai. Yanzu na gwada na waken, ya ɗebo biyar daidai sannan ya cusa ɗaya a hanci, da kyar muka fitar. Litinin insha Allah zan leƙa makarantar.